Koren Yadi Guda a Layinmu

Yayana tela ne, kuma kayan makarantar yaran layinmu duk daga hannunsa suke fitowa. Shagonsa ɗaki guda ne a bakin titi, da keken ɗinki biyu, da faffaɗan teburin yanka, da madubin da ya tsage a kusurwa ya ƙi sauya shi. Sai ka yi da gaske kafin ka ciro magana daga bakinsa. Tun yana koyon sana'a ya riƙe wata ƙa'ida: abin da aka kawo shago, a shago yake tsayawa. Ba ya faɗin awon ƙugun kowa, ba ya faɗin wa ya kawo wane yadi. Ni ƙanwarsa na sha yi masa tsiya, ina cewa ko ɗan sandan ciki bai kai shi riƙon sirri ba.

Bara Autarsa ta gama firamare tare da sauran yaran layin. Ƙaramar sakandaren gwamnati tana bayanmu, har ƙararrawarta muke jiyowa daga tsakar gida. Sai dai sunanta ya ɓaci. Azuzuwa cike maƙil, tagogi babu gilashi, bayan gida babu ƙofa. Duk mai hali, motar makarantar kuɗi ce ke zuwa da sassafe ta kwashe masa 'ya'ya. To amma an kawo sabuwar shugaba mai zafin nama, shi ne mai kemis na kan kwana ya tara iyaye a falonsa. Na bi Yaya da matarsa, don ba a barina a baya wajen irin wannan.

"Jama'a," in ji mai kemis, "in kowa ya kwashe nasa, wa zai je ya ɗaga murya a gyara? Mu shiga tare, dole a saurare mu."

Nas ɗin da ke haya a gidan sama ta taɓe baki. "Ni 'yata ba abin gwaji ba ce. Ka leƙa bayan gidan nan kuwa?"

Wani direba ya ce, "Haba Hajiya, mu ma a can muka yi karatu, ga mu nan."

"Ai shi ya sa," ta ce.

Aka yi dariya, amma direban bai yi ba. Aka yi ta ja-in-ja, murya na hawa kan murya, har mai kemis ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya yana neman alkawari. Kowa ya amsa, har nas ɗin, ko da yake fuskarta a murtuke. Da aka zo kan Yaya, cewa ya yi, "To." Ga wanda ya san shi, wannan "to" ɗin ta fi rantsuwar wasu nauyi.

Kore ne kayan makarantar gwamnati, na makarantar kuɗi shuɗi. Yaya ya sayo koren yadi, ya fara da na Auta. Yarinyar ta saka ta yi ta juyi gaban madubi, tana ba mu labarin yadda za su zauna benci ɗaya da ƙawarta, 'yar mai kemis. Tun suna rarrafe suke tare. Auta kuwa irin yaran nan ce masu noƙewa, ko aike ba ta son zuwa ita kaɗai.

Ana gobe za a koma makaranta na shiga shagon neman maɓalli. Na durƙusa ƙarƙashin tebur inda gwangwanin yake, hannuna ya bugi wata baƙar leda. Ƙyallaye ne a ciki, ragowar yanka, shuɗaye zalla. Na ɗago ledar na juya wajen Yaya.

"Yaya, na su wa ka ɗinka?"

Ya ci gaba da taka keke.

"Kore nawa ka ɗinka a layin nan?"

Ya tsayar da ƙafarsa. "Na Auta."

Bai kira sunan kowa ba, kuma ban bukaci ya kira ba. Ashe ɗaya bayan ɗaya iyayen suka riƙa saɗaɗowa da shuɗin yadi a leda, kowa na roƙon a rufa masa asiri, kowa na zaton shi kaɗai ne ya zille. Raina ya ɓaci. Na je na kira matarsa.

"Malam, ka san da wannan ka bari muka zauna?" ta ce. "Da ka faɗa da wuri, da mu ma mun nema mata wuri. Yanzu ai sun rufe ɗauka!"

"Na ce to a gaban mutane."

"Mutanen da ƙyallayensu ke ƙarƙashin teburinka?"

"Nasu ne wannan. Makarantar ma ba ta gagari gyara ba."

Na ce, "To ko yarinyar ka gaya mata yau, kada ta gani a titi."

"In na gaya mata, na gaya wa layi. Amana suka ba ni." Ya ɗauki almakashi ya ajiye, bai yanka komai ba. "Ni zan raka ta."

Uwar ta shiga gida da niyyar faɗa wa Auta, ta tarar da ita tana goge takalmi tana waƙa, sai ta kasa.

Da safe na tsaya a ƙofar gida. Yaya ya fito riƙe da jakar Auta, ita tana gaba cikin korenta. A kan kwana motar makarantar kuɗi na tsaye, yaran layinmu na hawa, duk cikin shuɗi. Mai kemis na hango su ya shige shagonsa. Ƙawar Auta ta ɗaga hannu rabi, ta sauke.

Auta ta tsaya cak. Ba fuskar ƙawarta take kallo ba, wuyan rigarta take kallo. 'Yar tela ce, ta san hannun ubanta.

"Baba, kai ka ɗinka musu?"

"Ni ne."

"Duka?"

"Duka."

Na zaci kuka za ta yi, har na taso. Sai ta miƙa hannu ta karɓi jakarta a hankali.

"Ka koma shago, Baba. Na san hanya."

Bai koma ba. Ya bi ta daga nesa har ƙofar makarantar, kuma ko sau ɗaya ba ta waiwayo ba.