Yatsa Uku a Hanyar Tebaram

Duk abin da tsufa zai share mini a kai, ba zai share ranar da na kusa ƙone yayana a cikin mota ba, ni da na fito da niyyar hutar da shi.

Motar ɗana ne ya aiko mini da ita daga Abijan, irin manyan nan masu tsayi da ba sa shan mai, sai caji. Na zauna Aljeriya, na yi shekaru ina aiki a Faransa, na je har Sin sarin kaya, a can ma na fara ganin irinta tana sulalawa ba ƙara. To amma titinsu daban, na ƙasarmu Adar daban. Ƙarafan tayoyinta, waɗanda muke ce wa janti, manya ne, robar kuwa siririya kamar an ɗaura musu ɗamara. A kwaltar garin Tawa lafiya lau. Da ka sauka kan jan burji, kowane dutse sai ka ji shi a haƙoranka.

A bazarar shekarar da motar ta iso aka yi wa yayana aiki a ƙugu. Manomi ne, zaman birni bai taɓa karɓarsa ba. Da ya ɗan ji sauƙi ya ce shi fa gida zai koma, ƙauyenmu da ke gaba da Tebaram, kafin ruwan shuka ya sauka ba ya nan. Likita ya yarda, da sharaɗin kada a jijjiga shi, kada kuma ya taka ƙafar.

Sai na tuna abin da na gani a Faransa: a sa ƙaramin janti da taya mai kauri, robar ta shanye gargadar hanya. Dokar abin guda ce, kuma na san ta: tsayin ƙafar motar gaba ɗaya, janti da taya, kada ya canza. Na je wurin wani mai faci kusa da tasha. Ya auna tsohuwar taya da igiya, ya shiga kasuwa, ya dawo da guda huɗu. Da muka jera su, sababbin ba su kai tsohuwar tsayi ba.

"Alhaji, yatsa ukku na," in ji shi, yana dariya. "Mi yatsa ukku za su yi ma wagga giwa?"

Na san batirin motar a ƙarƙashinta yake, shimfiɗe kamar tabarma daga gaba har baya. Na buɗe baki in faɗa, sai na tuna Yaya yana ƙirga gizagizai ta taga. Muka ɗaura, na zagaya gari, na ji taushi kamar katifa. Na ce a bar su.

Idona ba ya ɗaukar doguwar hanya, don haka wani abokina ya tuƙa, tsohon direba da ya tsufa yana jigilar mutane a hanyoyin daji. Muka kwantar da kujerun baya, muka shimfiɗa wa Yaya katifa. Tafiya ta yi daɗi, har ya yi barci. Ni kuwa kunnena yana ƙasa, ina sauraron duk tsakuwar da ta bugi cikin motar.

Wajen azahar muka iso busasshiyar ƙorama mai yashi. Abokina ya sauka, ya tsinci tsinke, ya bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya yana rage musu iska. Haka kowane direba yake yi a ƙasarmu kafin ya shiga rairayi, ba ya ma tunani, kamar mutum ya cire takalmi a ƙofar masallaci. Ina tsaye ina kallon motar tana ƙara durƙusawa. Har yau ina tambayar kaina me ya rufe mini baki. Ina jin kunyar koya wa direba tuƙi ce.

A tsakiyar ƙoramar akwai dutse kwance a cikin yashi. Muka ji ƙarar gurzawa mai tsawo a ƙarƙashin ƙafafunmu, motar ta tsaya cak. Jar fitila ta kama a gaban direba, da rubutu. Na karanta: batir ya sami matsala, a fita daga mota. Na leƙa ƙasa, na ga cikinta ya hau dutsen, wani koren ruwa yana ɗiga yashi yana shanyewa.

"Ba ta da mai, mi za ya kama wuta?" in ji abokina.

Na taɓa ganin irinta tana ci da wuta a bakin titi a Sin, ana zuba mata ruwa tana ƙara tashi. Ga mu tsofaffi biyu, ga mutumin da in muka ciccibe shi ba daidai ba aikin likita ya lalace, in muka bar shi kuma Allah kaɗai ya san abin da zai faru. Rana tana dukan ƙarfen. Na sa hannu a ƙasan motar ina jin ko zafin yana ƙaruwa, na kasa bambance na batir da na rana.

"Ƙanena," in ji Yaya daga ciki, "mi ya faru?"

Na ce babu komai, yashi ne.

"Ƙarya kake. In ka tsorata Faransanci kake komawa, tun ɗazu shi nike ji."

Ban san tsawon lokacin da muka yi ba kafin wani makiyayi mai rawani ya gangaro da amalanken jaki, ya ɗebo ruwa. Na yi masa magana da Tamashek, harshen Buzaye, wanda na koya a hanyar Aljeriya. Bai tambayi komai ba. Ya sauke jarkokinsa, ya zare faffaɗan katakon amalanken, muka zura shi ƙarƙashin katifar a hankali, muka jawo Yaya yana kwance sambal. Muka ajiye shi a inuwar wata bishiyar aduwa, nesa da motar. Sai a nan na zauna a ƙasa.

Motar ba ta kama wuta ba. Daga baya aka gano bututun ruwan da ke sanyaya batir ne ya fashe, murfinsa ya lotsa, saura kaɗan dutsen ya shiga ciki. Abokina ya tsaya gadinta. Yaya kuwa a amalanke ya ƙarasa gida, jaki yana takawa a hankali, ina biye a ƙasa na riƙe masa babbar rigata ta yi masa inuwa. Duk ramin da muka faɗa fuskarsa nake duba.

Da muka hango rumbunan ƙauye ya ɗaga kai ya dubi jakin, ya dube ni.

"Ka gani? Shi wanga ba wanda ya rage mai ƙafa."

Ya warke, ya ga shukar shekarar da idonsa. Ni kuma na daɗe ina juya abin. Mai faci ya yi abin da ya sani, direba ya yi abin da ya saba, babu wanda ya yi kuskure a sana'arsa. Ni kaɗai na san abin da ke kwance a ƙarƙashin motar, na yi shiru sau biyu. Tun ranar na koyi cewa sanin da ka haɗiye don gaggawa ko don kunya, da shi da jahilci duk ɗaya ne, sai dai mai jahilci ba ya kwana da nadama.