Karyar Almu Mai Faci

Almu ɗan ƙauye ne daga wajen Rimi. Ya shigo Katsina yana saurayi, ya koyi facin taya, ya kafa rumfa a bakin titin Ƙofar Marusa, ya yi aure a nan. Sai dai farautar da ya gada wajen ubansa ba ta sake shi ba. Da rani, in an gama kawar da amfanin gona, yakan rufe rumfar ranar Lahadi ya bi abokansa daji.

Wani direban tifa ne ya ba shi 'yar kwikwiya, ja mai farin goshi, ya sa mata suna Ƙyalle. Matarsa Zulaihat ta ce ba za a shigo mata da kare gida ba, shi ma bai yi musu ba. Ya yi mata ɗaki da tsofaffin tayoyi a kangon bayan gida.

Ƙyalle ta tashi da hanci da gudu. In ta tayar da zomo, da wuya ya sha. Mafarauta suka yi ta kama layi tun ba ta kai ko'ina ba.

"Malam Almu, in ta haihu a ajiye mani mace," in ji Haruna, shugaban farautarsu.

Amma shekaru suka yi ta wucewa, Ƙyalle ba ta taɓa neman namiji ba, karnuka ma ba sa bin ta. Aka haɗa ta da na Haruna, aka haɗa ta da wani daga Kambarawa, shiru. Ya ba ta jiƙe-jiƙen da aka kwatanta masa, ya ƙara mata ƙashi da kan kifi. Ƙiba kawai ta yi.

Daga ƙarshe ya ɗauke ta a Keke Napep zuwa asibitin dabbobi. Likitar, wata Dakta Fadila, ta duba ta, ta ɗora mata na'urar hoton ciki, ta daɗe tana kallo.

"Baba, karyarka ba ta da ciwo," ta ce. "Amma mahaifarta da ma'ajiyar ƙwanta ba su girma ba, kamar na kwikwiya suke."

"Mi ya kawo haka, likita? Ko abinci ne?"

"Ba abinci ba ne. A jikin kowace dabba akwai wasu zarurruka ƙanana da ido ba ya gani, ana ce masu kromosom. Su ke ɗauke da gadon uwa da uba. Biyu daga ciki ke cika halittar mace. Wata akan haife ta da ɗaya kawai, wata da uku. Ina zaton irin haka ne, amma tabbatarwa sai an aika jininta jami'a."

"In an tabbatar, akwai magani?"

"Babu."

Almu ya shafa gemunsa. "To a bar mata jininta," ya ce. "Allah Ya saka da alheri."

Abin ya tsaya masa a rai, don ya so irinta ya yaɗu. Ya gaya wa Haruna yadda aka yi, bai ƙara kai ta wajen kowane kare ba. Haruna kuwa sai ya kawo kwikwiyoyinsa biyu, ya ce su riƙa bin ta daji ko sa ɗauki wani abu. Ɗayan ya ɗauka, ɗayan ya tashi rago. Wasu ma suka riƙa kawo nasu.

Da daji ya lalace saboda rashin tsaro, farautar ta ragu har ta tsaya. Ƙyalle ta koma gadin rumfa, tana kwana cikin tayoyi, ba a taɓa sace wa Almu ko sifana ba. Ta tsufa, haƙoranta suka zube, ta koma kangon bayan gida, Zulaihat ta riƙa jiƙa mata ɗumamen tuwo tana miƙawa ta kan katanga. Da damina ta mutu. Almu ya haƙa rami a kangon ya binne ta, ya wanke hannu, ya tafi ya buɗe rumfa. Yana nan har yanzu yana faci, sai dai gwiwa ta fara damunsa.