Yatsun Mai Wanki

Duk wanda ya taɓa gaisawa da Mai Wanki ba ya manta hannun nan nasa. Bayan hannun kaushi ne kamar buhu, amma cikin yatsun sumul yake kamar bayan cokali. Shekara arba'in da ɗoriya ke nan yana cuɗa wuyan rigunan mutane, ga sabulu, ga soda, ga bula. In ya gama kuma ya hura gawayi a dutsen guga, ya lashi yatsa ya ɗan taɓa ƙasan dutsen ya ji ko ya yi zafi. Sau nawa yake haka a yini? Shi kansa bai sani ba.

Rumfarsa ta kwano ce, a bayan jerin shaguna, kusa da famfo. Baho uku ne a ciki, da benci, da teburin guga da aka shimfiɗa wa tsohon bargo, sai igiyoyin shanya huɗu da suka bi ta kan lungu aka ɗaure su a jikin shagon Tela. Mutum ne marar yawan magana. Ya san gidan da ake rigima daga yadda ake cusa kaya a jaka, ya san wanda ya samu ƙarin girma daga sabon yadinsa, amma ba a taɓa jin ko ɗaya a bakinsa ba. Abin da ya tsinta a aljihu, ko maɓalli ne, yana nan a wani gwangwani har mai shi ya zo. Tela, abokin tsokanarsa, yakan ce da sirri yana da nauyi da tuni rumfar nan ta rufta.

A jikin gungumen rumfar akwai ƙusa, a jikin ƙusar akwai farar leda, a cikin ledar kuma akwai waya. Ƙaramar waya ce mai madannai, an ɗaure bayanta da roba don kada batir ya faɗo. Babban ɗansa, wanda kowa ke kira Dogo, shi ya saya masa ita, ya kuma sayo layin a hannun masu talla a bakin titi, lokacin da ba a tambayar kowa ko sunansa. Dogo mai walda ne, hannunsa na da kyau, amma aikin ya yi ta ja da baya. Shekara bakwai da suka wuce ya bi wasu abokansa suka tafi neman aiki a ƙetare. Shekarar farko yakan kira duk wata, kullum da sabuwar lamba, don aron waya yake yi. Kiran ƙarshe bai kai minti ɗaya ba, ga hayaniya a bayansa.

"Baba, sun karɓe mana wayoyi. Lambarka kaɗai na haddace a kaina. Don Allah kada ka canja ta."

Daga nan shiru. Shekara shida. An yi cigiya ta hannun duk wanda ya je ya dawo, babu wanda ya ce ya gan shi a raye, babu kuma wanda ya ce ya ga gawarsa. Uwar Dogo ta yi kukanta har ta gaji. Shi Mai Wanki bai yi kuka a gaban kowa ba, amma wayar nan ba ta taɓa kwana babu caji ba. Ko yana tsakiyar matse zanin gado, in ta yi ƙara sai ya yar, ya goge hannu a wando, ya ruga. Mafi yawa masu kaya ne ke tambayar ko an gama guga.

Ana nan sai aka yi sanarwa a rediyon Tela cewa hukuma ta ce duk mai layin waya ya haɗa shi da katin shaidarsa, wanda bai yi ba kafin ƙarshen watan gobe za a rufe masa layi. Tela ya ji daɗin dokar. Ya ce masu sace mutane da 'yan damfara da layukan banza suke cin karensu babu babbaka, yanzu kowa zai amsa sunansa. Mai Wanki ma bai ga laifinta ba. A ganinsa ko riga ce, in babu alamar mai ita a wuya, ɓacewa take yi. Abin da ya rage kawai shi ne shi bai taɓa yin katin ba, don babu wanda ya taɓa tambayarsa. Ya ce ai abu ne mai sauƙi, gobe zai je.

Ya je kuwa. Da yake mutum ne da ba ya zuwa gaban hukuma da dauɗa, kafin ya fita sai da ya zauna ya goge yatsunsa tas da sabulu da buroshin wanki, ya ɗauraye, ya shanya su a rana. Ya bi layi tun hantsi har azahar. Da aka zo kansa, wata ma'aikaciya mai tabarau ta ɗauki hotonsa, ta rubuta sunansa, sannan ta ce ya ɗora yatsu huɗu a kan wani ɗan gilashi mai koren haske. Ya ɗora. Na'ura ta yi ƙara, ta nuna ja. Ya sake, ja. Ta danna masa yatsun da hannunta, ja. Ta ce ya dawo jibi, wataƙila na'urar ce ta gaji.

Shi kuwa sai ya ɗauka laifinsa ne, bai wanke da kyau ba. Jibin, bayan sabulu da buroshi, har da dutsen goge ƙafa ya sa. Haka ya yi zuwa uku, kowane zuwa yatsun sun fi na baya santsi, yana ta mamakin wace irin na'ura ce wannan da tsabta ba ta isar ta. A zuwa na uku ne ma'aikaciyar ta juya tafin hannunsa ta duba a haske, ta tambayi sana'arsa. Ya faɗa mata, ya kuma faɗa mata irin wankin da yake wa yatsun kafin ya zo, yana jiran ta yaba. Ta cire tabarau ta dube shi.

"Baba, ai ba dauɗa take ƙi ba. Zanen yatsa take nema, kai kuma babu shi. Wanki ya cinye, ɗan sauran da ya rage ka goge da dutse."

Kunya ta kama shi kamar an kama shi da kayan wani. Ya kalli yatsun nan da suka ciyar da gida, suka aurar da 'ya'ya mata uku, wai yau su ne ba a san su ba. Ma'aikaciyar ta ce fata takan dawo in an huta. Ta ce ya bar ruwa da sabulu da wuta, ya riƙa shafa basilin, ya dawo ranar ƙarshe. Saura kwana ashirin da biyu.

Mutumin da bai taɓa yin kwana uku a jere babu wanki ba, ko ranar da aka binne mahaifinsa da yamma ya kwashe shanya, shi ne ya zauna a benci da safa a hannu kamar mai jin sanyi. Uwar Dogo, da ciwon bayanta da komai, ta zo ta durƙusa gaban baho. Ba ta iya wuyan riga ba, guga kuwa sai a hankali, har ta ƙona wandon wani malamin makaranta. Masu kaya suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya zuwa sabon shagon da ke da injin wanki a bakin titi. Ya ga suna wucewa da jakunkunansu suna kau da kai. Abin da ya fi ci masa rai shi ne ganin matarsa tana dafa ƙugu in za ta miƙe. Sau biyu yana cire safar, tana daka masa tsawa ya mayar.

Tela ya daina yabon dokar, ko da yake bai iya daina tsokana ba. Ya ce shi yanzu ya gane, ɓarawo dai yatsunsa lafiya lau suke tunda ba ya wanki, na'ura za ta karɓe shi da hannu biyu. Mai Wanki ya yi murmushi ya ce a bar zagin na'ura, abin da aka koya mata take yi. Wanda ya ƙera ta ne bai taɓa gaisawa da mai wanki ba, ko birkila, ko mai fasa dutse. Kowace safiya yakan cire safar ya kai yatsun kusa da ido. Wata rana ya ga kamar wasu 'yan layuka sun fito, washegari ya ga kamar idonsa ne.

Ranar ƙarshe ofishin ya cika maƙil, har titi. Ma'aikaciyar ta hango shi ta sa aka shigo da shi. Ta ce ya goga yatsun a goshinsa su ɗan sha maiƙo, ta kama su ɗaya bayan ɗaya tana mirginawa a kan gilashin a hankali. Ƙaramin yatsan hagu ya nuna kore. Na kusa da shi ma kore.  Sauran takwas ɗin kuwa, har da manyan yatsu biyu da na'urar ta fi so, ja, ja, ja. Ta gwada har mutanen baya suka fara gunaguni. A ƙarshe ta jawo wata takarda ta cike, ta ce akwai hanyar da ake bi wa irinsu, amma sai an aika babban ofishi an sa hannu. Ya tambaye ta kwana nawa. Ta ce Allah ya sa kada a daɗe.

Washegari da safe ya ciro wayar daga leda, sandunan nan na sabis da ke saman gilashin wayar sun ɓace. Ya fita tsakiyar lungu ya ɗaga ta sama, ya kashe ya kunna. Babu. Ya mayar da ita ƙusarta, ya cire safar ya miƙa wa matarsa, ya ce ta je gida ta huta.

Wata biyar takardar ta yi kafin a kira wayar Tela, wadda ya bar musu lambarta, a ce katin ya fito. Mai Wanki ya karɓa, bai ko koma rumfa ba ya wuce ofishin kamfanin waya. Wani ma'aikaci ya buga lambar a kwamfuta, ya ce masa cikin ladabi layin da ya daɗe a rufe sake sayar da shi ake yi, wannan an ba wani tun watan jiya. Amma yanzu da yake yana da kati, zai iya zaɓar sabuwar lamba, mai daɗin haddacewa ma. Mai Wanki ya yi godiya ya fito. Mai daɗin haddacewa ga wa?

Ya dawo ya tsaya a ƙofar shagon Tela, ya ce ya ara masa waya. Tunda yake bai taɓa kiran lambarsa ba, amma ya karanto ta babu gargada, Tela na dannawa. Ta shiga. Da jin ƙarar sai ya zauna a kan kujerar masu gwaji. Mace ce ta ɗauka, ana jin kukan jariri kusa da ita. Ya yi sallama, ya ce shi ne mai lambar nan a da. Ta ce ita fa da katinta ta saya, kada a kawo mata rigima. Ya ce ba rigima ba ce, ya ba ta labarin Dogo a taƙaice. Sannan ya tambaye ta ko tunda ta karɓi layin an taɓa kiranta da baƙuwar lamba, irin mai tsawon nan ta ƙasar waje.

 Ta ce an kira sau biyu, ko uku. Ba ta ɗauka ba, don maigidanta ya ce duk 'yan damfara ne, har ya goge lambobin.

Tela, da ke jin komai, ya tsayar da keken ɗinkinsa. Mai Wanki ya rufe ido. Zai iya yiwuwa 'yan damfarar ne, shi ma sun sha kiransa. Zai iya yiwuwa kuma ba su ba ne, kuma ba zai taɓa sani ba.

"'Yata," ya ce, "alfarma ɗaya nake roƙo. In sun sake kira, ki ɗauka. Ko ɗan damfara ne, ki bar shi ya gama sallama. In kin ji ya ce Baba, kada ki ce masa ba nan ba ne. Ki ce masa Baba yana nan, ya ɗan fita, ki ba shi wannan lambar da na kira ki da ita."

Jaririn ya ƙara tsala kuka. Ya ji tana jijjiga shi, ya ji ta ja hanci.

"To, Baba. Zan ɗauka. In na ba shi lambar bai da abin rubutu fa?"

"Ki maimaita masa sau biyu," in ji Mai Wanki. "Yana da kai. Zai riƙe."