Ranar da Aka Hana Ni Keken Babana a Ketaren Gwari

Ana idar da sallar asuba muka tashi daga Barkin Sale, ni da abokina da muke shagon ɗinki tare a Limawa, kowa a kan kekensa. Tun da kuɗin abin hawa ya fi ƙarfinmu muka koma taka feda, kuma kullum gardamarmu a hanya ɗaya ce. Shi ya ce amana ta ƙare a Minna, ni na ce bakinsa ya sari ɗanyen kashi. Ranar Asabar ɗin nan muka ce a gwada a gani.

An kwana ana ruwa, titi duk taɓo, iska mai sanyi tana kaɗawa. Ni kuwa zumuɗi ya hana ni ko karyawa. Da hula muka fara. Na sake ta ta faɗi gaban wani mai shayi, na wuce kamar ban sani ba. Ban yi nisa ba na ji hon a bayana, ɗan acaba ne da fasinjansa, yana ɗaga min hular yana faɗa: "Malam, kai da kanka ba ka ji iska a ƙeya ba?" Na kalli abokina, ya kau da kai.

Sai na saki kular abinci. Wannan wani mai walda ne ya biyo mu da ita a guje, baƙin gilashinsa a goshi. Ledar ƙosai ce kaɗai ba ta dawo ba, ita ma akuya ce ta riga kowa, don haka na ƙi yarda a lissafa. Ina tafe ina kaɗa ƙararrawa don murna, yara masu ɗibar ruwa suna ɗaga min hannu.

Da muka shiga Ketaren Gwari abokina ya taka birki. Ya ce, "Hula da kula wa zai ɓata sunansa a kansu? In ka isa, ajiye keken Baba."

Keken da nake kai yake nufi. Baƙin keke ne irin na da, na marigayi babana, a kansa ya yi shekaru yana kai ɗinki kasuwa. Shi kaɗai ya rage min na hannunsa. Amma bakina ya riga ya yi tsawo. Na kasa ajiye shi da hannuna, sai abokina ne ya tura shi ya jingine kusa da rumfar wata dattijuwa mai soya doya, ba makulli, ba sallama. Ya zagayo ya hau nasa ya wuce buɗe shago, ni kuma na laɓe bayan wani ɗan shagon katako ina leƙe.

Mutane suka yi ta wucewa. Wani ya tsaya ya shafa sirdin, sai ya ƙara gaba. Da yayyafi ya sauko, matar nan ta ajiye matsaminta, ta jawo keken cikin rumfa, ta ɗaure shi da igiya a jikin dirka, ta rufe sirdin da leda. Wallahi daɗin da na ji ba ya misaltuwa. Na fito ina washe baki, na gaishe ta, na kai hannu kan igiyar.

"Yarona, tsaya," in ji ta da Hausarta ta mutanen gari. "Ba kai ne ya aje ba. Wanda ya aje, dogo ne, jan riga. Shi ne zai kwance."

Na rantse nawa ne. Ta ce a wurinsu wanda ya ajiye kaya shi ke ɗauka, ko ɗanta ne ya zo ba za ta ba shi ba. 'Yan acaba suka fara matsowa, wani ya ce, "Haka suke yi, da gaisuwa suke farawa." Na kira abokina, sai da ya gama dariyarsa sannan ya ce ga shi nan.

Matar ta nuna min benci, ta zuba min doya mai zafi da yaji a takarda. Ina ci, idonta a kaina. Ban taɓa cin doya mai daɗinta ba, ban kuma taɓa ci a takure haka ba.

Da abokina ya iso ta gane jar rigar, ta kwance igiyar da kanta. Muka ba ta labarin gwajin, har da cewa keken na marigayi ne, ina jiran ta yi dariya. Ba ta yi ba. Ta ce, "Kayan babanka ka bari a titi don ka gwada mu? Ni na rike amana. Kai fa?"

Da yamma muka dawo Barkin Sale, abokina ya yarda na ci gardama, amma ban kaɗa ƙararrawa ko sau ɗaya ba. Na fita auna mutanen Minna, na same su cif. Na shigar da keken har ɗaki na goge masa taɓo. Ledar dattijuwar tana nan a kan sirdin, na kasa cirewa.