Daɓen Ɗakina

Da aka kai ni Wurno amarya, ɗakina ba shi da daɓe. Rairayi aka zuba, fari tas, aka shimfiɗa tabarmi a kai, aka jera mini kwanoni da tasoshi a bango har kusa da rufi. Duk wadda ta shigo ganin ɗaki sai ta yaba jere, ta sunkuyar da kai ta dubi ƙasa, ta yi shiru. Ni ma na yi shiru, don amarya ba ta tambaya.

A Rabah aka haife ni. Zamanin Turawa ne, can wajen ƙarshensa, lokacin da ake ɗibar 'yan mata ana kai su makarantar kwana a birni, ni kuwa ina cikin waɗanda aka ɗiba. Na yi karatu gwargwadon abin da Allah ya nufa, na dawo gida, aka ɗaura mini aure da wani malamin gona na En'e, wato hukumar gargajiya, mutumin Wurno, mai haƙuri, marar yawan magana. Da safe sai ya ɗaure ƙafar wando, ya hau kekensa ya gangara fadama, wata rana har Marnona, ba ya dawowa sai la'asar ta yi sanyi. Mu uku ne a gidan: shi, da mahaifiyarsa da nake kira Inna, da ni.

Garin ya shiga raina tun kafin in san kowa a cikinsa. Gidanmu yana kan tudu, gefen gari. Idan na taka turmi ta bayan ɗakin girki ina hango fadama shimfiɗe har inda ido ya tsaya, albasa kore shar, shanu a bakin gulbi, masu ban ruwa da jigo suna sunkuyawa suna miƙewa. Da asuba kiran salla yakan taso daga masallatai da yawa, wani na bin wani, sai in ji kamar garin duka ne ke tashe ni. Da hantsi ƙarar ƙoshiyar masaƙa ce daga zauren maƙwabta, da yamma kuma iska ta hauro da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ban taɓa zama wurin da numfashina ya daidaita kamar nan ba.

Mutanen ne ban gane ba. Matan unguwa suna gaishe ni da kyau, har da rusunawa, wadda ta isa haihuwata ma sai ta ce mini Malama. Amma a bakin ƙofa suke tsayawa. Ba mai shigowa ta zauna, ba mai zuwa aron rariya ko ɗan gishiri. Gidajen unguwar a haɗe suke ta baya, akwai 'yan kafofi a jikin darni inda mata ke ratsawa daga gida zuwa gida ba sai sun fita waje ba. Ina jin su suna wucewa zuwa ɗakin Inna ana dariya, da na fito sai dariyar ta koma gaisuwa. In koma in zauna kan tabarma, rairayi yana shiga kwanon abinci, yana shiga tsakanin shafukan Alƙur'anina, in kakkaɓe da safe, da rana ya dawo. Na sa a raina ba su so na ne, kuma rashin daɓen shi ne shaida, domin a wajenmu ba a kai amarya ɗakin da matan dangin miji da maƙwabta ba su daɓe ba.

Ana haka Goggo ta biyo, ƙanwar mahaifina, za ta Goronyo wurin ɗiyarta da ta haihu, ta zauna har a gama wanka. Ta shiga ɗakina ta tuɓe takalmi, ƙafarta ta nutse. Ta ɗaga gefen tabarma ta duba, ta saki. Goggo ba ta iya ɓoye abu ba.

"Wanga fa mi na? Akuya anka kawo ko ɗiyam mutane?"

Na ce ta yi a hankali kada Inna ta ji. Ta ce ai so take a ji. Ta ce yanzu bisa hanya take, ba ta tada magana, amma in ɗiyarta ta yi arba'in ta nan za ta biyo, in ta ishe ni kan rairayi to in ɗaure kayana, tare za mu koma Rabah, mahaifina ya ji daga bakinta yadda aka karɓe ni. Kowa ya san Goggo. Abin da ta yanke a gidanmu, mahaifina ba ya tada shi.

Da ta tafi na taka turmi na dubi fadama na yi kuka. Ba na son barin garin. Na yi salla na roƙi Allah, in zamana a nan alheri ne ya buɗe mini ƙofa, don ni ban san ta inda zan fara ba. Tambayar Malam, maigidana, kunya ce, tambayar Inna ta fi.

Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, na ji dukan daɓe daga gidan marina da ke bayanmu. Wanda ya taɓa jin sa ba ya mantawa: madaɓai da yawa suna sauka tare, tim, tim, ƙasa tana amsawa har cikin ƙirjin mutum, mata na waƙa a kai. Na ga Inna ta fito da madaɓinta, icen ya yi baƙi ya yi santsi don daɗewa, tana gyara ɗaurin zane. Ban san lokacin da na durƙusa gabanta ba. Na ce, kaina a ƙasa, ko za ta tafi da ni.

Ta dube ni sama da ƙasa.

"Ke? Wurin daɓe? Hannunki na iyawa, ɗiyata?"

Na ce in bai iya ba ya koya. Daga nan bakina ya kuɓuce, na tambaye ta ko wani laifi na yi da aka bar ɗakina haka.

Inna ta ajiye madaɓi ta zauna kan turmi. Ta ce tun kafin biki matan unguwa sun tara marmara, jar ƙasar da ake daɓe da ita, an sa rana. Sai ɗanta ya zo ya ce a dakata: yarinyar da za a kawo ta yi shekara da shekaru a makaranta tana taka siminti, shi ba zai sa ta kan daɓen ƙasa ba, ya yi magana da wani a kantin birni, buhu na nan tafe. Matan suka kwashe marmararsu suka kai wani gida. Ba fushi suka yi ba, in ji Inna, kunya suka ji. Sun ɗauka ni na aiko da sharaɗin. Wadda kuwa ta ƙi hannunsu a ƙasan ɗakinta, yaya za su shiga su zauna mata da kaushin ƙafarsu?

"Mu muna ganin girma munka ba ki," in ji ta. "Ashe ke kina nan kina cin rairayi."

Muka yi dariya, ni da hawaye.

Muka ratsa ta kafar darni. Da muka shiga, waƙa ta tsaya. Mata ne cike da ɗakin, durƙushe a jere, zannuwa ɗaure a ƙirji, gumi na zuba. Uwar gidan tsohuwa ce tukuf, kowa Kaka yake ce mata. Ta kare ido da hannu ta dube ni.

"A'a, Malama ta? Ku ba ta kujera, ta rubuta muna wadda ba ta bugu da kyau."

Inna ta ce ba kujera ba, madaɓi za a ba ta. Aka ba ni. Nauyinsa ya ba ni mamaki. Daɓe ba ƙarfi ba ne kawai, tare ake sauka tare ake ɗagawa, ana ja da baya kaɗan-kaɗan, wata na yayyafa ruwa da tsintsiya. Ni kuwa idan sun sauka ina sama, idan sun ɗaga sai a ji nawa shi kaɗai, ƙwal. Kaka ta ce wannan amarya da ladanci ta dace, kullum ita kaɗai ake ji. Wata mai goyo da ke kusa da ni ta matso ta ce kada in dubi hannuna, in saurari waƙar kawai. Na saurara. Can sai na ji nawa ya ɓace cikin nasu, ban ƙara jin sa daban ba. Kafin azahar tafin hannuna ya yi bororo ya fashe. Kaka ta kama shi ta juya, ta tofa addu'a, ta shafa mini man shanu, ta ce yanzu ina da bakin kiran gayya, don wadda ta daɓa wa wata ba a ƙin zuwa ranar tata.

Saura Malam. Ina neman yadda zan ce masa, sai ga simintin ya iso. An sauke shi daga mota a bakin kasuwa, aka ɗoro wa jaki har ƙofar gida. Ban taɓa ganin fuskar Malam da haske kamar ranar ba. Ya shigo da garin siminti a rigarsa, shi da ba ya magana, yana ta bayanin maginin da zai zo daga birni. Wata da watanni ya yi yana bin abin nan, saboda ni. Na kai masa abinci, na bari ya ci ya wanke hannu. Sannan na zauna daga gefe na buɗe masa tafin hannuna.

Ya tambayi mi ya same ni. Na gaya masa duka, har maganar Goggo. Ya ce to ai shi ke nan, kafin ta dawo an zuba siminti, ta zo ta gani da idonta.

"Malam," na ce, "in anka zuba shi, mutum guda za ya zo daga birni shi yi shi tahi. Ni kau nan ni ka zama. Ƙasan da matan unguwag ga sunka taɓa ni ka so."

Ya sake duban tafin hannuna. Can ya ce shi ya ɗauka abin da zai faranta mini ke nan. Na ce na sani, Allah ya saka masa da alheri. Har yau in na tuna yadda ya dubi rigarsa ya fara kakkaɓe garin nan a hankali, sai tausayinsa ya kama ni. Bai ce ya yarda ba. Washegari dai da zai hau keke na ji yana ce wa Inna, in mata za su zo a gaya masa da wuri ya sayo goro. Simintin ya jima a zaure kafin dattawan unguwa su roƙa a gyara bakin rijiya da shi.

Aka sa rana. Jakuna suka kawo jar marmara daga gindin tudu, muka kwashe rairayi da ƙwarya muka zubar bayan gida. Inna ta jiƙa makuba, ɓawon ɗorawa ke nan, a manyan tukwane har ruwan ya yi ja mai duhu, warinsa ya cika gida. Na dama fura, na yi tuwon dawa da miyar kuka. Suka yi ta ɓullowa ta kafar darni, kowa da madaɓinta, har waɗanda ban taɓa gani ba. Kaka ba ta iya durƙuso, aka ajiye mata kujera a bakin ƙofa tana ba da waƙa tana tsokanar kowa. Suka ce amarya ba ta daɓen ɗakinta, in je in kula da tukunya. Na ce sai na yi. Suka bar mini kusurwar bayan ƙofa, inda in na ɓata ba mai gani. Aka yi ta bugu ana yayyafa makuba, a bari ya sha iska, a dawo a sake, har ƙasan ya yi sumul yana ƙyalli kamar ƙwaryar da aka shafa wa mai. Da ya bushe na taka da tafin ƙafa, sanyinsa ya ratsa ni har ka. Na yi alwala na yi nafila a kai.

Daga ranar ɗakin bai ƙara zama shiru ba. Mai goyon nan ita ta fara zuwa, wai aron tsintsiya, ta zauna har azahar. Sannan wasu suka riƙa zuwa da audugarsu da mazari su yi kaɗi a wurina, suna cewa ƙasan nan ya fi na kowa sanyi, ai su suka yi shi. A nan na koyi sunayen 'ya'yansu, da wadda ba ta cin kuɓewa, da wadda mijinta ya tafi cin rani bai aiko ba. Suka daina ce mini Malama, sai in za su tsokane ni.

Goggo ta dawo daga Goronyo da rana tsaka, da ƙwaryar tsaraba a ka. Ta ishe mata zaune a ɗakina suna kaɗi, ɗan wata yana barci a kan gadona. Aka gaisa, suka tashi suka ba mu wuri. Goggo ta tuɓe takalmi. Ta bi ɗakin tana goga diddige, daga gindin gado har bango, kamar mai sayen tukunya tana neman tsaga. Da ta kai bayan ƙofa ta tsaya, ta sake gogawa.

"Wa tad daɓe nan? Akwai kwari."

Na ce ni ce. Ta dube ni, ta dubi hannuna, ta ce an gani. Ta zauna ta sha fura, sannan ta shiga wurin Inna suka daɗe. Ina jin muryoyinsu ƙasa-ƙasa, ina wanke kwanon da na riga na wanke. Can na ji Goggo ta yi dariyar nan tata mai ƙarfi.

Da la'asar ta ce za ta kama hanya kada mota ta bar ta. Na raka ta har zaure, iyakar inda nake kaiwa. Ta ɗora ƙwaryarta a ka, ta tambaye ni ko akwai saƙo wurin mahaifina. Na ce ta gaishe shi, ta ce masa ina nan lafiya, in an cire albasa zan aika.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Goggo."

Ta gyara gammo, ta dubi cikin gida ta kan kafaɗata.

"To. Baɗi in anka zo sabunta daɓe, ki bar ma masu hannu bayan ƙofag ga."

Ta fita ita kaɗai.