Farce Na Uku

Mahaifina bai taɓa yarda a ja shi da sanda ba. Da idonsa ya soma rufewa, a shekarun nan na bayan babban yaƙin Turawa, Inna ta nemo masa gora mai kyau. Ya shafa ta sama da ƙasa, ya jingine ta a bayan ƙofa. Ya ce makaho mai bara ake ja da sanda, shi kuwa Allah ya ba shi ɗa. Don haka kullum la'asar ni ke riƙe hannunsa daga gidanmu na unguwar Tandabawi a Makka zuwa Harami, hannuna na dama cikin nasa na hagu. Mutanen unguwa in sun gan mu sai su yi ta sa mini albarka, ni kuma, ba zan ɓoye ba, kaina har kumbura yake yi.

Kowa a unguwar ya san Baba makaɗin molo ne a ƙasar Kano, ɗan gado kuwa. Da molon ya ci abinci a hanya, daga Barno har ƙasar Sudan, sai da ya zo bakin teku zai shiga jirgi sannan ya taka shi ya karya. A Makka ya yi dakon ruwa da garwa, ya sayar da huluna, ya yi duk abin da zai sa a daina ce masa mai molo. Ya sha wuya kafin ya samu. Mu Takari, baƙaƙen fatar da suka zauna a Makka, mun iya manta abin da muka baro a gida, amma na maƙwabci ba ma mantawa. Sai da gemunsa ya yi fari fat sannan sunan Alhaji ya zauna masa ba tare da wani ya yi murmushi a gefe ba.

Ni tela ne, kuma a lokacin ina ɗinki a shagon wani ɗan Jawa, can ƙasashen gabas mai nisa, mutum siriri mai yawan dariya. Kafin ya tuba ya zauna a Makka ya yi aikin jirgin ruwa. Tubar tasa dai ba ta kai ƙasan tarin yadi ba, don a nan yake ɓoye jitarsa. Kiɗa haramun ne a garin a wannan zamanin, in aka kama ka da abin kiɗa a kanka za a fasa shi. To shi da azahar, in rana ta take kowa ya shige ɗaki, sai ya ja ƙofar shago, ya cusa ƙyalle a cikin jitar don ta rage murya, ya ce in riƙa taka keken ɗinki ba zare. Ƙarar keke tana rufe kiɗa. Wanda ya wuce sai ya ce kai, telolin nan ba sa hutawa.

Salon kiɗan nasa, ya ce, na mutanen wani tsibiri ne da ake kira Hawayi. Sassauta tsirkiyoyi ake yi, har ya zama ko ba ka danna komai ba, in ka shafa su gaba ɗaya sai su ba da sauti mai daɗi. Babban yatsa yana tafiya a kan masu kauri, sama da ƙasa, ba ya tsayawa, sauran yatsu kuma suna tsinto waƙar a kan sirara. Ran da na fara ji ƙafata ta tsaya a kan keke ban sani ba, sai da ya harare ni. Ba a yi wata ba muka soma canji, shi ya taka keke ni in riƙe jita. Hannuna ya kama abin da saurin da ya ba ni tsoro, ya kuma ba ni daɗi. Na san daga inda saurin ya fito, kuma ba na son in tuna.

Nan maganar yatsu ta taso. Ɗan Jawa ya ce a wurin masu wannan kiɗa kowa da tsarinsa. Akwai mai yi da babban yatsa da manuniya kawai, akwai mai ƙara na tsakiya, akwai ma mai sa huɗu. Shi da biyu yake yi. Amma kowane yatsa ka sa a aiki sai ka bar masa farce, in ba haka ba sautin ya fito a dushe.

"Ya habibi, tsaya a biyu," in ji shi, da Larabcinsa mai karkace. "Tela yana da hujjar farce biyu. Na babban yatsa na ninke yadi, na manuniya na tsince zare. Ko alƙali ya gani ba zai ce komai ba. Na uku ba shi da hujja."

Na ce da biyu waƙar tana ɗingishi. Akwai wani wuri a cikinta da tsirkiya biyu ya kamata su amsa tare, da manuniya ɗaya kuwa sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya ce wanda ya koya masa da biyu ya rayu da biyu ya mutu, ba wanda ya ce masa gurgu. Na ce shi ya sani. Ina da taurin kai tun ina ƙarami, kuma ƙuruciya tana gaya mini na fi mai koya mini kunne. Ranar Juma'a da na zauna yankan farce, na yanke na ƙaramin yatsa da na kusa da shi, na tsallake na tsakiya.

Gaskiya ita ce da uku ya fi daɗi. Har yau ban janye wannan ba. Ɗan Jawa kansa ya daina dariya ya saurara, har ya manta da taka keke.

Sai dai la'asar tana nan tana jirana kullum. Na koyi naɗe yatsan tsakiya a cikin tafina in na miƙa wa Baba hannu. Wani lokaci in ba shi wuyan hannu, in ce gumi ne. Wata rana na zagaya na ba shi na hagu, ya ce ba ya son a bi da shi ta gefen da bai saba ba. A wajen cin abinci na koma dunƙule hannu kamar mai ciwo. Inna ta gani, na san ta gani, don ta ajiye mini aska a kan tabarmata. Na mayar da askar inda take. Kunya nake ji a duk tsawon hanyar nan, ana sa mini albarka ina sunkuyar da kai, su kuwa suna ɗauka ladabi ne.

Rannan muna saukowa gangaren unguwa, wani mai dakon ruwa ya fito daga lungu da garewaninsa, Baba ya yi tuntuɓe. Na cafke shi da duka yatsuna. Farcen ya karce masa bayan hannu, har jini ya ɗan tsattsafo. Ya tsaya cak a tsakiyar hanya, daidai rumfar mai shayi inda dattawan unguwa ke zama. Bai saki hannuna ba. Ya buɗe shi, ya bi faratan da babban yatsansa ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan na ninke yadi ne," ya ce a hankali. "Wannan na tsince zare." Ya tsaya a kan na tsakiya. "Wannan fa, ya waladi, ɗana?"

Ya kamo hannuna na hagu ya shafa kan yatsun, inda tsirkiya ta yi mini kanta. Bai ƙara tambaya ba. Makaɗi ake so a ɓoye wa hannun makaɗi! Ya saki hannuwan biyu, ya juya fuskarsa wajen rumfar ya ɗaga murya.

"Wa ke nan cikinku mai zuwa Harami? Ya taimaka ya kai ni."

Wani maƙwabcinmu da muke ce wa Kawu ya taso, yana kallona yana kallon Baba. Ya ce, "Alhaji, lafiya? Ga ɗanka nan." Baba ya ce, "Halas, shi ke nan, mu je." Suka tafi suka bar ni a tsaye. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na gode mata. Na bi su a baya nesa-nesa har Harami, ina kallon Kawu yana jan ubana a karkace, yana bi da shi ta kan duwatsun da ni na san yadda ake kauce musu.

A ranar na yanke faratan har sai da naman ya yi ja, har da biyun masu hujja. Bai amfana komai ba. Kullum la'asar Kawu ke zuwa ya yi sallama. Unguwa ta ɗauka, kowa da nasa hasashen, wasu suka ce sata na yi, wasu suka ce mace ce. Baba bai faɗa wa kowa dalili ba, ni ma ban faɗa ba, don in na faɗa tsohon sunansa ne zai dawo bakin mutane. Na gwammace a ce mini ɓarawo. A shago na ce wa ɗan Jawa ni dai keke zan taka. Daga baya ma na ce ya bari sai ba na nan, don ƙafata tana taka keke yatsuna suna motsi a kan cinyata.

Kanta ba ta yankuwa da aska, sai dai a jira ta. Na jira ta da ruwan ɗumi da dutsen goge kaushi na Inna. Da ta baje, wata la'asar na riga Kawu zuwa, na durƙusa gaban Baba na ɗora hannuwana biyu a gwiwarsa. Ya daɗe yana shafa su. Sannan ya miƙe ya riƙe na dama.

Mun wuce rumfar mai shayi, mun wuce kasuwa. Sai da muka kusa ƙofar Harami ya rage tafiya.

"Da uku kake yi?"

"I, Baba."

"Tsirkiya nawa gare ta?"

"Shida."

Na shirya jin wa'azi, na ma shirya amsar da zan bayar. Sai na ji ya matso kusa, muryarsa ƙasa-ƙasa, yadda ba mai wucewa da zai ji.

"Akwai daɗi?"

Na so in yi ƙarya, na kasa. Na ce, "Akwai daɗi, Baba."

Hannunsa ya matse nawa.

"Kada ka taɓa kaɗa ta inda zan ji," ya ce. "Ba don mutane ba. Ni har yau ban warke ba."

Muka cire takalma muka shiga. Na kai shi inda ya saba zama, na zauna a gefensa, na kasa ɗaga kai in dubi Ka'aba.