Takwarana na Dir'iyya

Injiniyan da nake tuƙawa a Riyad ɗan Sikotilan ne, kuma ba ya gajiya da alfahari da sunan zuriyarsu. Wai duk ƙasar da ka je, daga Kanada har Ostireliya, sai ka tarar da mai shi. Ni dariya yake ba ni. Mu da muke jingina sunanmu da na uba, a ɗakinmu na unguwar Ulaisha kaɗai mu uku ne masu suna iri ɗaya.

Wata rana muna hanyar masana'anta yana wannan surutun, wayata ta yi ta ruri. Ba na ɗagawa ina tuƙi, amma kira ya ƙi ƙarewa, duk daga gida Maraɗi. Na ɗauka Inna ce ta cika. Na gangara gefen titi, na ɗaga.

Yayana ne. Da ya ji sallamata sai ya ce, "Kai ne? Rantse kai ne." An aika gida cewa na faɗo daga bene a wurin gini a Dir'iyya kusa da Riyad, na rasu. Ashe wani takwarana ne: sunana, sunan mahaifina, ɗan Maraɗi. Har an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Na jiyo guɗa ta ɓarke a bayansa.

Injiniya ya tambaye ni ko lafiya, na mayar da mota kan titi. Ana guɗa a gidanmu, a wata unguwar akwai uwar da saƙon bai iske ba tukuna.